Tambayoyi uku da nake yi kafin in zuba jari

'Yar'uwa, idan kina cikin zaurukan WhatsApp na dangi ko na tsofaffin ɗalibai, na san kin taɓa cin karo da irin saƙon nan: zuba dubu hamsin yau, ki karɓi dubu sittin da biyar ƙarshen wata. Akan haɗo da hoton alat na banki, da muryar wata tana rantsuwa cewa ta karɓi nata. Ba na ganin laifin wadda ta tsaya ta saurara. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a watan Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Wato cefanen da naira dubu 100 ta yi miki shekara guda kafin nan, sai kin cika kusan dubu 35 kafin ki yi irinsa. Kuɗin da kika ƙulle a bakin zani ko a asusu suna nan a ƙirge, amma abin da za su saya yana raguwa kullum. Uwar da ke tunanin kuɗin makaranta da kayan ɗakin 'ya mace dole ta nemi inda kuɗinta za su haihu.

Ni nas ce, ba ma'aikaciyar banki ba. A aikin dare na fara koyon harkar zuba jari, lokacin da marasa lafiya suka samu barci, ina karanta rahoton shekara na kamfanoni a waya. Da farko lambobin sun yi mini yawa. Da tafiya ta yi nisa na ga duk abin da nake nema a cikinsu amsar tambayoyi uku ne, kuma tambayoyin suna aiki a kan babban kamfani a Legas, suna aiki a kan maƙwabciyarki mai sayar da kunun aya.

Tambaya ta farko: daga ina ribar take fitowa? Kowace sana'a ta gaskiya tana da amsar da za a faɗa a numfashi ɗaya. Mai awara tana sayen waken suya, ta sarrafa, ta sayar sama da abin da ta kashe. Ɗan kasuwar Dawanau yana sayen hatsi da kaka, ya ajiye, ya fitar da bazara. Kamfanin siminti yana haƙo dutse, ya ƙona, ya niƙa, ya sayar wa masu gini. Idan kika yi tambayar nan aka fara zagaye-zagaye, ko aka ce wai kwamfuta ce ke juya kuɗin a ƙasar waje, to ki ja zaninki. MMM ya yi wa mutane alkawarin kashi 30 cikin 100 duk wata. Ɗauki biro ki lissafa: naira dubu 100 da ke ƙaruwa haka wata goma sha biyu za ta wuce miliyan biyu da dubu ɗari uku. Wace haja ce a Kantin Kwari ke ninka kanta sau 23 a shekara? Babu. Kuɗin waɗanda suka shigo yau ake biyan na jiya da su. A watan Disamban 2016 MMM ya rufe asusun mutane a Najeriya. A watan Afrilun 2025 CBEX ya rufta da kuɗin jama'a, suna ne kawai ya canza. Wadda ta turo miki hoton alat mai yiwuwa ba ƙarya take yi ba, an biya ta, amma da kuɗin da ke ce ake so ki kawo. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Tambaya ta biyu: me zai iya karya wannan sana'ar? Ko kasuwanci na gaske yana da inda yake da rauni. A ƙarshen 2021 MTN ya sayar wa jama'a hannun jarinsa a kan naira 169 kowane ɗaya, mafi ƙaranci guda 20, wato da naira 3,380 mutum ya zama mai rabo a kamfanin. Ribarsa a fili take, duk wadda ke karanta wannan rubutu ta sayi data. Amma a watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, darajarta ta zube. Kamfanin yana karɓar kuɗi da naira, alhali hayar turakun sadarwa da wasu basussukansa suna ɗaure da dala. Ciniki ya ƙaru, duk da haka ya rufe 2023 da asarar kusan naira biliyan 137, a 2024 kuma asarar ta kai kusan biliyan 400, masu hannun jari suka yi zaman jiran rabon riba. Ba damfara aka yi ba, yadda aka gina sana'ar ne ya haɗu da iskar da ta fi ƙarfinsa a lokacin. Daga nan na koyi cewa yawan ciniki daban, riba daban. Haka abin yake ga mai zoɓo da ƙanƙara: rayuwar sana'arta a hannun wutar lantarki take. Mai kiwon kaji, farashin masara ne ke juya ta. Mai ɗinki, cinikinta na taruwa a azumi, sauran watanni sai haƙuri. Kafin ki ba da jari, ki san wace iska ce za ta kaɗa ta kayar da rumfar, kuma ki tambayi kanki ko za ki iya jira ta wuce.

Tambaya ta uku ita ce na fi daɗewa a kanta, ita ce kuma aikin asibiti ya taimaka mini na gane: su wa ke tafiyar da wurin, kuma ƙaramin ma'aikaci yana iya cewa a dakata? A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin abubuwan da ake dubawa a ɗakin tiyata. Kafin a sa wuƙa, kowa ya faɗi sunansa da aikinsa, a tabbatar da sunan maras lafiya da wurin da za a yi wa aiki. Kafin ya bar ɗakin, nas ta tabbatar an ƙirga auduga da kayan aiki sun cika. Takardar ɗaya ce a ko'ina. Bambancin yana ga mutanen: a wani wuri nas za ta ce auduga ɗaya ba ta cika ba, babban likita ya tsaya a nemo ta. A wani wuri kuma tsoron tsawa zai sa ta haɗiye maganarta. Injina iri ɗaya, takardun shaida iri ɗaya, amma na san inda zan kai ɗana.

Da na fara karanta labarin kamfanoni sai na tarar da abu ɗaya. A masana'antun Toyota na Japan, an ba ma'aikacin da ke kan layin haɗa mota damar jan igiya idan ya ga matsala, shugaban sashe ya zo, in ba a gyara ba layin ya tsaya. Kamfanin ya gwammace asarar mintuna da a fitar da mota mai aibi. Mu duba gida kuma. A ranar 14 ga Agustan 2009, gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Sanusi Lamiɗo Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar, aka zuba naira biliyan 420 don kada su durƙushe. Bankuna ne masu manyan gine-gine da tallace-tallace a talabijin. Abin da binciken ya gano shi ne tarin bashin da ba a biya, da shugabanci maras tsawatarwa. A 2011 gwamnati ta karɓe uku daga cikin bankunan da binciken ya shafa, masu hannun jarinsu suka tashi a tutar babu. Akwai ma'aikatan da suka ga inda aka dosa tun da wuri. Tambayar ita ce ko akwai kunnen da zai saurare su.

Wannan ba sabon ilimi ba ne a wurinmu. Nana Khadija, Allah ya ƙara mata yarda, 'yar kasuwa ce da ke ba maza dukiyarta su yi fatauci. Abin da ya sa ta nemi Manzon Allah (SAW) ya tafi mata Sham shi ne labarin gaskiyarsa da riƙon amanarsa, ta kuma haɗa shi da yaronta Maisara, wanda ya dawo ya ba ta labarin abin da ya gani. Ta duba halin mutum kafin ta miƙa dukiya, ta kuma san yadda tafiyar ta kasance.

To yaya za ki gane halin wuri daga waje? Idan ƙaramar sana'a ce, ki je lokacin da mai ita ba ta nan. Ki duba ko yaran shago suna aiki kamar tana nan. Ki tambayi tsawon lokacin da suka yi a wurin, don shagon da ke canza yara duk wata uku akwai dalili, ruwa ba ya tsami banza. Ki ji ko ana biyansu a kan lokaci. Ki nemi ganin littafin ciniki. Wadda ranta ya ɓaci don kin nemi ganin littafi ta riga ta ba ki amsa. Ki lura ko kuɗin shago da kuɗin cefane aljihu ɗaya suke shiga. Idan kun daidaita, ku rubuta nawa kika bayar, yadda za a raba riba, da abin da zai faru in an yi asara, da shaidu, ko da ciki ɗaya kuka fito. Takarda ba rashin yarda ba ce, zumunci take karewa.

Idan babban kamfani ne, rahotonsa na shekara yana intanet kyauta. Ki duba yadda shugabanni ke magana a shekarar da aka yi asara: sun faɗi abin da ya faru a fili ko sun lulluɓe shi da daɗin baki? Sannan duk wanda zai karɓi kuɗinki da sunan zuba jari, ki duba ko yana da rajista da hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari. Takardar CAC rajistar kamfani ce kawai, ba izinin karɓar jarin jama'a ba.

Ga wadda ke gudun kuɗin ruwa, akwai hanyoyi. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 ba tare da ruwa ba. A 2017 gwamnatin tarayya ta fitar da Sukuk na farko na naira biliyan 100 don gina hanyoyi, kuma da naira dubu 10 ake iya shiga. Waɗannan ma ki yi musu tambayoyin nan uku, inda kika yi shakka kuma ki tambayi malami.

Ni dai yadda nake yi, kuɗin asibiti da na makarantar yara ba sa shiga jari ko kaɗan, don na ga yadda ciwo ke zuwa ba sallama. Abin da ya rage nake rabawa, ba na tara shi wuri ɗaya. Adashena yana nan, sai dai na san adashe tara kuɗi yake yi, ba ya haifar da su. Duk wanda ya ce mini yau ne rana ta ƙarshe, in ban shiga ba na rasa, nakan ce Allah ya ba da sa'a, in wuce. Sana'ar gaskiya za ta jira ki mako biyu ki yi bincike.

Kuɗin nan ba daga sama suka faɗo miki ba. Na suyar awara ne, na tsayuwa a aji, na zoben da kika sayar, na gadon mahaifinki. Kina da haƙƙin yin tambaya, a ba ki amsa da Hausar da za ki gane. Idan 'yarki ta isa hankali, ki zaunar da ita kusa lokacin da kike lissafin, ta ji yadda ake tambaya. Allah ya sa albarka a abin da muke nema, ya tsare mu da asara.