Allurar Da Ta Maido Mini Da Murya

Shekara ashirin da biyu na yi ina koyarwa a wata makarantar firamare a Yerwa, ban taɓa zama na tambayi kaina inda murya take fitowa ba. Malami dai ya buɗe baki, yara saba'in su ji shi har bencin ƙarshe, shi ke nan. Sai a watan Yuni na 2024, sa'ad da aka yi mini aikin maƙoƙo, na farfaɗo na nemi in kira uwargida, na ji ba abin da ke fita sai iska.

Masu zuwa dubiya kowa da nasa. Wannan ya ce sanyi ne, wancan ya ce a bincika, kila da hannun mutum. Na sha zuma da citta da kanumfari har na gaji. Dishewar ma da sauƙi. Ruwa in na kurɓa sai ya ƙware ni, tari ba ƙarfi, magana guda kuwa sai na ja numfashi sau uku kafin in kai ƙarshenta.

Ban san girman asarar ba sai kafin asubahin Talata, 10 ga Satumba, ranar da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shigo mana Gwange. Ni na fara farkawa a gidanmu. Na fito tsakar gida, ruwa ya kai idon sawu, na buɗe baki in tashi maƙwabta, ko kazar da ke kan katanga ba ta ji ni ba. Taɓarya na ɗauka na dinga dukan ƙofar kwano. Allah Ya sa duk muka fita lafiya, amma a daren nan na ƙudura zan nemi magani ko da zan sayar da babur.

Likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya zura wata siririyar igiya mai fitila ta hancina, ya nuna mini cikin wuyana a allo. Ashe tantani biyu ne a bayan zakaran wuya, kamar ƙyauren ƙofa mai ganye biyu. In za a numfasa su buɗe, in za a yi magana ko haɗiya ko tari su haɗu. Iska ce ke kaɗa su, a wuyan namiji fiye da sau ɗari cikin daƙiƙa guda. Nawa na dama yana zuwa har tsakiya, na hagu kuwa ya tsaya a gefe kamar an kafe shi. Jijiyar da ke motsa shi tana bi ta bayan maƙoƙo, ita ce ta taɓu. Ba na ɗora wa kowa laifi. Jijiya ce siririya a wuri mai matsi, tun zamanin Jalinusu, likitan Rum na ƙarni na 2, aka san in an yanke ta murya ta tafi.

Ya ce, "Malam, jijiyar tana iya farfaɗowa cikin wata shida zuwa shekara. Kafin nan sai mu yi wa tantanin ciko, ya matso tsakiya, ɗan'uwansa ya riƙa iske shi."

Dabarar ba ta yau ba ce, na kuwa bi tarihinta, don malami ba ya barin tambaya. A 1911 wani likitan Jamus, Wilhelm Brünings, ya fara yin cikon da kakin farafin, amma jiki ya ƙi shi, yana tara tsiro. A 1962 Godfrey Arnold ya yaɗa amfani da Teflon a Amurka, aka yi shekaru ana yabonsa, daga baya aka ga shi ma yana haddasa ƙullutu mai wuyar cirewa. Yau an koma ga abin da jiki ba ya faɗa da shi: kitsen mutum na kansa, ko wani ruwa mai yauƙi da ake kira hayaluronik, wanda dama akwai irinsa a fatarmu da gaɓoɓinmu. Amfaninsa shi ne aibinsa, watau jiki yana shanye shi cikin 'yan watanni.

Ranar allurar ba a sa ni barci ba. Aka fesa mini maganin kashe zafi, na zauna a kujera, aka soka allurar ta gaban wuya. Likita yana duban allo yana cewa, "Malam, ce iii." Na ce, iska ta fita. Ya ƙara tura ruwan kaɗan. Na sake cewa, sai na ji wata ƙara ta fito, gwaɓi-gwaɓi, kamar ta baƙo. Uwargida da ke bakin ƙofa ta leƙo ta ga ko wane ne. Duka-duka bai kai rabin awa ba. Da daddare na sha kofin ruwa guda ban tsaya ba.

Bayan wata biyar muryar ta fara sirancewa, kamar yadda aka faɗa mini. Shekara ta cika jijiyar ba ta motsa ba, aka sake yin ciko. Abin da ya rage shi ne aikin da Nobuhiko Isshiki na Japan ya bayyana a 1974, wanda ake buɗe 'yar taga a guringuntsin maƙogwaro a cusa ɗan abin tokare da zai dawwama. Kuɗinsa nake tarawa a adashin malamai.

Na koma aji. Muryar tana kai ni ƙarfe goma sha ɗaya, daga nan sai ta fara ja da baya. Yaran da kansu suka gane lokacin. Da sun ji ta fara, sai na baya su ɗauko littattafansu su zo su zauna a ƙasa gaban allo.