Mu Ake Aika Ɗuro Gas

'Yan'uwa ɗalibai, a gidajen da yawa daga cikinmu yanzu da gas ake girki. Lokacin da muke firamare itace da gawayi muka sani, sai risho idan za a ɗumama tuwo da safe. Da kananzir ya yi tsada, sai tukwanen gas suka fara shigowa unguwa ɗaya bayan ɗaya. Wani gidan ƙaramar nan ce mai kilo 3 ko kilo 6 da ake ɗaura wa murhu a kanta, wani gidan babbar ce mai kilo 12 da rabi mai tiyo. Amma ku lura da wani abu. Baba ne ke ba da kuɗi, Umma ce ke da kicin, to wa ake aika ɗuro gas ɗin? Mu. Wa ke dafa shayi kafin a taho makaranta, wa ke dafa wa ƙanne taliya idan Umma ta tafi unguwa? Mu ne dai. Tun muna ƙanana aka koya mana hura wuta, da yadda ake zare itace a yayyafa masa ruwa. Gas kuwa wayar gari kawai muka yi muka gan shi a gida, aka ce mu yi hankali da shi, ba a ce ga yadda ake hankalin ba. Ba laifin iyayenmu ba ne, su ma ba su taso da shi ba.

Malaminmu na kimiyya ne ya fara warware mana abin. Ashe abin da ke cikin tukunyar ruwa ne, shi ya sa idan ka ɗan motsa ta za ka ji yana kaiwa da komowa. Matse shi aka yi da ƙarfi ya zama ruwa, da zarar ya sami hanyar fita sai ya koma iska, ya kumbura kusan sau 250. Zafi ma yana sa shi kumbura a cikin tukunyar, don haka ba a cika ta fal, kamar kashi 80 cikin 100 ake zubawa a bar masa sarari. Ku tuna ranar watan Afrilu a garuruwanmu, wadda ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa. Mun saba idan an aike mu awo mu ce a yi mana gyara. A wajen gas ba a neman gyara, kuma ba a barin tukunya a tsakiyar rana.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne gas ya fi iska nauyi. Hayaƙin itace sama yake yi ya fita ta taga, kowa ya gan shi ya yi tari. Gas ƙasa yake bi. Idan yana yoyo sai ya kwanta a daɓe, ya shige ƙarƙashin gado da bayan ƙofa da cikin makwarara, ba a ganinsa, yana jiran ƙyastin wuta ɗaya. Asalinsa ma ba shi da wari, da gangan ake zuba masa wani sinadari mai wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai don hanci ya gane. To su wa hancinsu ya fi kusa da ƙasa a gida? Mu da muke shara a sunkuye, muke aikin gida a kan tabarma, muke kwana a katifar ƙasa. Sau da yawa mu za mu riga manya ji.

Wannan ne ya sa maganar ajiya take damun mu. Tukunyar gas kuɗi ce, ɓarayi kuma suna son ta, shi ya sa a gidaje da yawa da an gama girkin dare sai a shigar da ita ɗaki. Wanda ke gidan haya mai ɗaki ɗaya, ina ake so ya kai ta? Ba mu ga laifin mai tsoron ɓarawo ba. Amma a wannan ɗakin ne ake kunna maganin sauro, a nan ake kawo kaskon turaren wuta, kuma idan hunturu ya shigo a nan ake rufe taga ruf a shigo da garwashi don jin ɗumi. Gidan da ke da tsakar gida, gara a sama mata inuwa a ɗaure ta da sarƙa da kwaɗo, ko mai walda ya yi mata kejin ƙarfe mai shan iska. Idan ba makawa sai ta kwana a ɗaki, a rufe kanta sosai, a tsayar da ita kusa da ƙofa inda iska ke wucewa, nesa da wuta da janareta. A tsaye, ba a kwance ba, domin idan tana kwance ruwan ne ke zuwa bakinta.

Wajen kunnawa, ashana ake fara ƙyastawa sannan a buɗe gas. Wutar kirki shuɗiya ce. Idan ta koma ruwan ɗorawa tana baƙanta tukunya, murhun na son gyara. Ƙaramar tukunyar nan mai murhu a kai ba ta son ƙaton tukunyar biki, tana iya kifewa, kuma zafin ƙasa yake komawa ya daki ƙarfen. Tiyo kuwa ɓeraye na ci, zafi na tsattsaga shi, kuma ɗaure shi da leda ko robar taya ba gyara ba ne, canzawa ake yi.

Idan muka ji warin gas, ba ashana, ba taɓa makunnin lantarki, ko kunnawa ko kashewa, domin yana fitar da ɗan tartsatsi. A rufe kan tukunya, a buɗe ƙofa da tagogi, a kwashe ƙanne a fita waje, daga can a yi waya. Mai son gano inda yake yoyo ya kaɗa ruwan sabulu ya shafa a tiyo da mahaɗarsa, wurin da ya yi ta ƙwai nan ne. Wasu da ashana suke gwadawa. Idan kuka ga haka, ku ja da baya.

Shagon ɗuri ma abin dubawa ne, tunda mu ke tsayawa a can. A watan Janairu na 2020 gas ya fashe a wani shagon ɗuri a Sabon Tasha da ke Kaduna, mutane suka rasu, har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa, wanda ba gas ya je saya ba, yana shagon aski ne da ke kusa. Duk da haka har gobe za ka ga shagon gas manne da mai shayi ko mai tsire. Irin wannan ko ya fi kusa da gida, gara mu ƙara tafiya. Kuma tukunya tana tsufa. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ta sa mata shekara 15, shekarar ƙerawa kuma tana jikin ƙarfen, yawanci wajen mariƙi. Ku duba ta gidanku yau, ku leƙa gindinta ko tsatsa ta ci.

Mafi wuya duka shi ne faɗa wa manya. Kana cewa, "Yaya, kamar ina jin warin gas," sai a ce ka cika iyayi, ko a ce shekara nawa ana girki ba abin da ya faru. Wasunmu sun gano cewa nunawa ta fi musu. Ka kawo ruwan sabulu ka ce, "Umma, ga wani abu da Malam ya koya mana, a gwada a gani?" Idan kumfa ya tashi, ba sai ka ƙara magana ba.

Muna roƙon malamanmu da shugaban makaranta a gayyato mana 'yan kwana-kwana wata rana bayan taron safe, su nuna mana a aikace yadda ake ɗaura kan gas da abin da ake yi idan wuta ta kama, a kuma rubuta lambar gaggawa ta 112 a bangon kowane aji. Mu 'yan ƙungiyar jarida za mu zo da tukunya marar gas, da tiyo, da kofin ruwan sabulu.