Keta: Garin Da Teku Ba Ya Jiran Zaman Majalisa

Ɗaurin auren 'yar wani aminina ne ya kai ni Lome, babban birnin ƙasar Togo. Bayan an shafa fatiha an raba goro, sai hira ta haɗa ni da wani dattijo da muka zauna tabarma ɗaya. Da ya ji na ce duk shekaruna ban taɓa kwana a bakin teku ba, sai ya yi murmushi ya ce, "Malam, in teku kake son gani, ba ta tagar masauki ake ganinsa ba. Biyo ni garinmu ka gan shi a inda yake cin abinci." Na ɗauka raha ce irin ta dattawa. Sai da na je na tarar ashe gidajen mutane ne abincin.

Washegari muka ƙetara iyakar Aflao muka shiga Ghana, muka hau motar haya daga Denu, muka bi hanyar gaɓa ta Adina da Blekusu da Kedzi har zuwa Keta, a Yankin Volta. Tun a mota mutum zai fahimci halin da garin yake ciki. A hagu teku ne yana ta tumbatsa, a dama kuma wani makeken tafki ne mai ruwan zartsi, wanda babu kamarsa a girma a duk faɗin Ghana. Tsakaninsu ɗan siririn zirin yashi ne, a kansa aka shimfiɗa titi, aka gina gidaje da makarantu da majami'u da masallatai. Akwai wuraren da in ka tsaya a tsakiyar titi kana ganin ruwan nan biyu ba tare da ka ɗaga ƙafa ba. Mutanen ƙasar, wato Anlo, wani reshe na ƙabilar Ewe, sun raɗa wa garin sunan da ya dace da shi, domin Keta a harshensu na nufin kan yashi.

A da, Keta babbar cibiyar ciniki ce. Turawan Denmak sun gina sansanin Prinzenstein a garin a 1784, inda aka riƙa tsare bayi kafin a ɗora su a jirgi, kuma a 1850 suka sayar wa Ingila shi tare da sauran sansanoninsu na wannan gaɓa. Sawun Bahaushe ma daɗaɗɗe ne a nan. Dakarun da Kyaftin Glover ya ɗebo daga Legas, waɗanda aka fi sani da Hausawan Glover, sun yi yaƙi a wannan yanki a 1873 zuwa 1874, kuma daga nan ne mulkin Ingila ya zauna da gindinsa a garin. Kakan mai masaukina kuwa, a faɗarsa, fatauci ne ya kawo shi, ya sauka a zango, ya yi aure, bai sake komawa Arewa ba.

Daga baya arziki ya juya wa garin baya. Buɗe tashar jiragen ruwa ta Tema a 1962 ya janye hada-hadar kaya zuwa can. Dokar korar baƙi marasa takardu da gwamnatin Busia ta kafa a 1969 ta kwashe 'yan kasuwa masu yawa daga kasuwanni da zangunan Ghana. Amma babban abokin gaba shi ne teku. Ya fara gutsurar gaɓar tun farkon ƙarni na 20, sai dai Kogin Volta yana ɗan rama wa garin, domin yashin da yake kwasowa daga can ciki yana zubawa a teku, igiyar ruwa na tura shi gabas ya taru a gaɓar Anlo. Da aka kammala madatsar ruwa ta Akosombo a 1965, sai yashin ya riƙa kwantawa a bayan madatsar. Ghana ta sami wutar lantarki, Keta kuwa aka bar teku yana ɗiba ba a mayarwa. A 1980 ya rushe wani babban sashe na sansanin nan na Turawa, duk kaurin katangunsa.

Da la'asar dattijon ya kai ni bayan abin da ya rage na sansanin. Masunta na jan taru a jere, suna waƙa, mata na jira da manyan kwanoni domin sayen 'yan ƙananan kifin nan da ake wa laƙabi da 'yan makarantar Keta. Ya miƙa sandarsa wajen wani kwale-kwale da ke can nesa yana lilo a kan ruwa. Ya ce, "Ka ga inda jirgin can yake? Gidan da aka haife ni bai kai can ba, amma ya yi kusa. Da akwai titi, da akwai shaguna, da itatuwan kwakwa." Na dubi wurin, ban ga komai ba sai ruwa. Na yi masa jaje kamar yadda ake yi wa wanda gobara ta taɓa, amma ko a bakina na ji jajen bai isa ba, domin mai gobara yana da filin da zai sake gini.

Ba a bar garin haka nan ba. Tsakanin 2000 da 2004 gwamnatin tsakiya ta kashe sama da Dala miliyan 80 wajen aikin kare gaɓar Keta, mai tsawon kimanin kilomita 8. Aka jera ganuwar manyan duwatsu, aka miƙa wasu harsunan dutse cikin teku domin su tare yashi, aka cike fili aka tsugunar da waɗanda suka rasa muhalli, aka sake gina titin da muka biyo. Aikin ya ceci abin da ya saura na garin, wannan ba a musu. Sai dai yashin da aka tare a nan, shi ne wanda da zai isa ƙauyukan da ke gabas. Saboda haka ciwon ya matsa gaba, har a 2015 aka fara wani aikin makamancinsa a Blekusu. A Nuwamban 2021 toroƙon teku ya raba dubban mutane da gidajensu a yankunan Keta da Anloga da Ketu ta Kudu, ƙauyuka irin su Agavedzi da Salakope da Amutinu suka kwana cikin ruwa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, duk da haka, ba duwatsun ba ne. Wani ɗan ƙaramin taro ne da na halarta a kwana na uku. Mai masaukina ya ce wakilin mazaɓarsu, wanda mu za mu kira kansila, ya gayyaci jama'a zuwa wani ajin makarantar firamare, domin Majalisar Gunduma za ta zauna. Ashe dokar ƙananan hukumomi ta 2016 ta wajabta wa kowane wakili ya gana da mutanensa kafin zaman majalisa ya ji ta bakinsu, ya kuma dawo ya faɗa musu abin da aka zartar. Muka zauna a kan bencin yara, gwiwoyinmu na dukan teburi. Ana magana da Ewe, wani saurayi ɗan zango yana raɗa mini da Hausa.

Na zaci maganar teku kawai za a yi. Sai na ji wata mai bandar kifi ta miƙe tana tambayar nawa za a sa kuɗin tikitin kasuwa a shekara mai zuwa, ta ce ba ta ƙi biya ba, amma tana son rumfar da ba ta yoyo. Wani masunci ya yi maganar man injin kwale-kwale da gwamnati ke sayar musu da rangwame, ya ce in ya yi jinkiri lokacin kifi ba ya jira. Wani malamin makaranta ya roƙi a ƙara makewayin jama'a, domin a ƙasar da in ka haƙa rami kaɗan za ka tarar da ruwa, masai ba ƙaramin aiki ba ne. Wata tsohuwa kuma da 'yarta ke aure a ɗaya daga cikin ƙauyukan gabas ta ce ita fili take tambaya, inda za a zaunar da waɗanda suka dawo gidajen dangi da 'ya'ya da tukwane. Kansilan na rubutawa a littafin 'yan makaranta.

Da ya tashi amsawa, bai yi alkawarin abin da ba ya hannunsa ba. Ya ce aikin duwatsu ya fi ƙarfin majalisa, daga Accra ake yanke shi, iyakarsu su rubuta su kuma bi sawu. Gaskiya ya faɗa. Ghana na da irin waɗannan majalisu 261. Kundin tsarin mulki na 1992 ya tanadi a ware musu abin da bai gaza kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa ba, su raba a tsakaninsu, sauran kuma su nema daga tikitin kasuwa da harajin gidaje da lasisin shaguna. To, gidan da ke ƙarƙashin ruwa wa zai biya masa haraji? Kullum teku ya ci unguwa, buƙatar majalisa ta ƙaru, aljihunta ya ragu.

Akwai kuma batun wanda ke riƙe da ragamar. Jama'a ne ke zaɓen yawancin wakilai, ba a ƙarƙashin tutar jam'iyya ba, Shugaban Ƙasa kuma ya naɗa abin da bai wuce kashi 30 cikin 100 ba. Amma shugaban zartarwa na gunduma, Shugaban Ƙasa ne ke ba da sunansa, kashi biyu cikin uku na wakilan da suka kaɗa ƙuri'a su amince. Da harshenmu, kantoma ne mai albarkar majalisa. An shirya ƙuri'ar raba gardama a Disamban 2019 a kan shigar jam'iyyu zaɓen ƙananan hukumomi, tare da ƙudurin da zai ba jama'a damar zaɓen shugabannin da kansu, amma aka janye duka biyun ana saura 'yan makonni. Wanda naɗi ya kawo, ko da mutumin kirki ne, dole kunnensa ɗaya yana wajen wanda ya naɗa shi.

Wurin da taron ya yi zafi shi ne maganar ɗibar yashi a bakin gaɓa. Wani dattijo ya ce duk mai loda yashin gaɓa a mota, ƙofa yake buɗe wa teku, ya nemi a tsananta hukunci. Sai wani matashi ya miƙe daga baya, ya ce shi ma ya taɓa ɗiba, kuma bulon da aka gina wa ƙanwar mahaifiyarsa ɗaki da shi bayan ambaliya, da wannan yashin aka buga shi. Ya ce a nuna musu inda za su ɗiba da farashin da talaka zai iya, su bar gaɓa. Ajin ya yi tsit. A nan na gane cewa wannan ita ce maganar da babu wani injiniya daga babban birni da zai iya warwarewa. Dokar hana ɗiba, da nemo wani wurin ɗiba, da hana ba da izinin gini a bakin ruwa, da sasantawa da sarakunan da ke da iko da ƙasa domin samun filin tsugunarwa, duk aikin majalisa ne. Ba za ta iya tsayar da teku ba, amma tana iya hana mutane taya shi ɓarna, muddin sun yarda da ita. Yarda kuwa ba a Accra ake rabon ta ba. A irin wannan aji ake samun ta, ko a rasa ta.

Da za a tashi, tsohuwar nan ta sake ɗaga hannu. Ta ce wa kansilan, "Ɗana, littafin nan kada ya ɓata. In kun gama zamanku ka dawo ka karanta mana shi, layi layi, ka faɗi wanda aka yi da wanda aka ƙi." Aka yi dariya, shi ma ya dara, ya ce ya ji. Ban san abin da majalisa ta yi da buƙatunsu ba, domin na baro garin kafin ta zauna. Abin da na gani da idona shi ne mutanen da suka san cewa kujerar nan tasu ce, kuma mai zama a kanta bashi ake bin sa.

A hanyar dawowa tunanin gida ya yi ta zo mini. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta Najeriya ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai-tsaye, muka yi ta murna da muhawara a kan asusu. Kuɗi na da muhimmanci, Keta ma shaida ce. Amma mai karatu ya tambayi kansa, yaushe rabon da kansilan mazaɓarsa ya tara jama'a ya buɗe littafi? In kuma ya kira, mu nawa ne za mu bar shago mu je mu zauna a bencin yara? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya buɗe baki, sai kuma akwai wanda doka ta tilasta wa saurare.

Daren ƙarshe da na yi a Keta barci ya ƙaurace mini, saboda rugugin ruwa a jikin duwatsu. Da asuba na faɗa wa mai masaukina, ya ce su sun saba, ranar da ba su ji shi ba ne suke farkawa. Ya raka ni tasha da ƙullin busasshen kifi, ya ce in gaida mutanen Arewa, in kuma Allah Ya sake kawo ni, in tambayi gidansa a zango. Sai ya ɗan yi shiru, ya ƙara da cewa, "In ba ka tarar da gidan ba, ka tambayi makarantar nan. Duk inda muka koma, can za a sani." Allah Ya tsare su, Ya ba shugabanninsu da namu kunnen sauraro.