Gawon Wurogauri, Itacen da Ke Saɓa wa Damina

Wurogauri ƙauye ne a yankin Gwandu da Kalgo na Jihar Kebbi. Mun ratsa gonakinsa a watan Janairu, lokacin da hunturu ya busar da ƙasa, shanu na ta tsintar karan gero. Kuka ta kakkaɓe ganyenta tas, amma gawo yana tsaye kore shar, awaki na kwance a inuwarsa.

Gawo dai bai bin tsarin sauran itatuwa. Da damina yake zubar da ganye, sai ruwa ya ɗauke sannan ya fara toho, domin saiwarsa na nutsawa can ƙasa ta sha ruwan da gero ba ya kaiwa gare shi. Shi ya sa manomi ke barin sa a tsakiyar gona: ba ya tare wa shuka rana, ganyen da ya zubar ya zama taki, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani.

Da muka duba sabon reshe da kyau, sai muka ga fari-fari ne, yana karkacewa dama da hagu, kowace gaɓa da ƙaya biyu da ɗan ido a tsakani. Muddin kan reshen na tsawo, yawancin idanun nan barci suke yi. Da zarar akuya ta cinye kan, ko gatari ya datse shi, sai su farka su fitar da rassan gefe. Abin da ke sa ƙaramin gawon da awaki suka dama ya tsaya gajere, ya cunkushe, ke nan.

Makiyaya kan sare rassa don dabbobinsu. Idan an bar wasu, itacen zai farfaɗo. Idan kuwa ana aske shi ƙwal duk shekara, 'ya'ya su ragu, ƙarfinsa ya tafi.

Manoman Maradi a Nijar sun yi amfani da wannan sani tun shekarun 1980. Sukan zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi a jikin kututture, su cire sauran, har ya koma itace. Suna kiran wannan sassabin zamani, kuma kututturen kalgo ma yana karɓar sa.

Ɗalibai, ku ɗaura zare a reshe guda a gonarku, ku riƙa auna shi duk wata kuna rubutawa. Kafin shekara ta zagayo za ku san lokacin da ya kamata a ɗaga gatari, da lokacin da ya kamata a ajiye shi.