Rigana da Rigata: Wace Hausa Ce Take Shiga Fim?

A Sallar layyar da ta wuce, muna zaune a tsakar gidanmu da ke cikin birnin Zariya, 'yata mai shekara tara ta gyara wa mahaifiyata Hausa. Inna ce ta ce mata, "Ke kishiya, ɗauko mini rigana a kan igiya." Yarinyar ta ɗauko, ta miƙa da hannu biyu kamar yadda aka koya mata, sannan ta ce, "Hajiya, ai ba a cewa rigana. Rigata ake cewa." Mutanen gida suka fashe da dariya, don tsakanin jika da kaka akwai wasa. Inna ma ta dara, ta tambaye ta wa ya gaya mata. Yarinyar ta ce haka ake faɗa a fim.

Da ta ce a makaranta ta koya, da ban damu ba. Amma makarantarsu ba a koyar da Hausa, a gida kuwa ni da mahaifiyarta Zazzaganci muke yi. Malaminta na Hausa shi ne allon talabijin da wayar hannu. Tun daga ranar nake juya wannan magana a raina.

Abin da Inna ta faɗa ba kuskure ba ne. Masana harshe sun daɗe da bayyana cewa ɗaya daga cikin siffofin Zazzaganci shi ne rashin bambanta jinsin namiji da na mace a sunayen abubuwa, don haka Bazazzage zai ce motana, gonana, rigana. Haka kakanninmu suka yi magana a cikin wannan ganuwa. Daidaitacciyar Hausa kuwa a kan Kananci aka gina ta, kuma abin mamaki, a Zariya aka raine ta. A nan Rupert East ya jagoranci Hukumar Talifi, a nan Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, a nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kuma har yau ginin Kamfanin Gaskiya yana tsaye a garin. Garin da ya buga wa ƙasar Hausa littattafanta bai buga su da bakinsa ba. Wannan bai dame mu ba a da, saboda littafi yana makaranta, bakin gida yana gida. Mai gyara wa tsohuwa magana don ya karanta littafi, sai an ce ba shi da kunya. Fim kuwa ya shigo har ɗakin Inna, yana magana daga safe zuwa dare.

Na fara fahimtar girman al'amarin ne da na karanta tarihin wasu al'ummomi uku na ƙasar Sifaniya: Kataloniyawa, da Baskawa, da Galisiyawa. Kowacce tana da harshenta daban da Sifaniyanci. A zamanin mulkin Janar Faranko, daga 1939 zuwa 1975, an kori waɗannan harsuna daga makaranta da ofis. A 1941 gwamnati ta wajabta a mayar da muryar duk fim ɗin waje zuwa Sifaniyanci kafin a nuna shi. Ma'ana, yaron Basalona ko na Bilbawo zai ga Ba'amurke yana harbi a kan doki da Sifaniyanci, amma ba zai taɓa jin jarumi ya buɗe baki da harshen uwarsa ba. Daga nan yaro yake koyon cewa akwai harshen manyan al'amura, akwai kuma harshen madafa.

Da mulkin ya kau, tsarin mulkin 1978 ya ba yankuna damar ɗaukar harsunansu a hukumance, kuma cikin abubuwan farko da suka yi har da kafa gidajen talabijin. Baskawa suka buɗe ETB a ƙarshen 1982, Kataloniyawa suka buɗe TV3 a 1983, Galisiyawa suka buɗe TVG a 1985. Suka juya makamin da aka yaƙe su da shi, wato sauya murya. Zanen yara na Japan mai suna Dragon Ball ya koma magana da Kataloniyanci da Galisiyanci da Baskanci, yara suka tashi suna jin jarumansu da harshen gida. Baskawa, waɗanda masu jin harshensu sosai ba su kai miliyan ɗaya ba, suka riƙe wasan kwaikwayo mai dogon zango, Goenkale, daga 1994 har 2015. Bayan shekaru sai ga amfanin shuka: fim ɗin Pa negre na Kataloniyanci ya lashe babbar kyautar Goya ta Sifaniya a 2011, sannan a 2015 ƙasar ta zaɓi Loreak na Baskanci ya wakilce ta a gasar Oscar.

Da farko na ɗauka mu ne Kataloniyawan wannan labari, Turanci kuma shi ne Sifaniyanci. Akwai gaskiya a ciki. A Nuwamban 2021 Netflix ta saki fim ɗin Amina na Izu Ojukwu, labarin sarauniyar da ganuwarmu take amsa sunanta. Muka taru muka kalla a zaure, matasa suna fassara wa manya, domin da Turanci Amina take ba mayaƙanta umarni. Ba na zargin masu fim ɗin, sun yi lissafin kasuwarsu ne. Amma na ga fuskar wani baffana da ya juyo ya ce, "To ita wannan, a wane unguwa aka haife ta?" Labarinmu ne, sai dai mu aka yi wa tafinta.

Duk da haka, kwatancin bai zauna daidai ba. Hausa ba ta cikin haɗarin da Baskanci ya shiga. Masu magana da ita sun haura miliyan 50, kuma ba gwamnati ce ta gina mata masana'antar fim ba. Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, kasuwa ce ta ɗauki nauyin abin: kaset, sannan faifai, yanzu kuma YouTube. Tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ta shigar da Daɗin Kowa da Kwana Casa'in gidaje daga Maraɗi har Kumasi. Matasan Kano suna mayar da fina-finan Indiya zuwa Hausa ba tare da tallafin kowa ba, aikin da Kataloniyawa suka kashe kuɗin haraji a kansa. A 2019 an cire Lionheart daga gasar Oscar saboda Turanci ya yi yawa a cikinsa, sai ga shi fina-finan da Nijeriya ta tura daga baya sun haɗa da The Milkmaid da Mai Martaba, waɗanda Hausa ce ta rinjaya a cikinsu. Harshen da yake da wannan ƙarfi ba marayan harshe ba ne.

A nan ne na gane abin da ban so ganewa ba: idan muka fuskanci Turanci mu ne Basalona, amma idan muka waiwaya gida mu ne Madrid. Duba yadda fina-finanmu suke raba muryoyi. Jarumi da jaruma, da likita da alƙali, bakin birnin Kano suke yi, a yayyafa Turanci. Sakkwatanci yakan fito ne idan ana son dariya ko ana son nuna ɗan ci-rani. Bagware da Bafillacen daji da Bayarabe kuwa, gurguwar Hausarsu ita ce rawar da aka ba su. Ƙasar Zazzau ta dā ta ƙunshi Gbagyi da Atyap da Bajju da Kurama da Adara da wasu da yawa, kuma da yawa daga cikin 'ya'yansu yau sun fi sakewa da Hausa fiye da harshen iyayensu. Yaushe rabon da mu ga fim ɗin Hausa da wani daga cikinsu ya yi magana da harshensa cikin mutunci, aka rubuta mana fassara a ƙasa? Abin da muke kuka da shi a wajen Turanci, shi muke yi wa maƙwabtanmu, kuma a ƙaramin mataki shi ake yi wa bakin Inna.

Za a iya cewa ai dole harshe ya sami daidaitacciyar siga, kuma haka ne. Baskawa ma sai da suka zauna a 1968 suka fara tsara Baskanci na bai-ɗaya, da shi gidan talabijin ɗinsu ya yi aiki. Ni ma da daidaitacciyar Hausa nake rubuta wannan, kuma ina so 'yata ta iya ta. Amma labarai da darasi daban, wasan kwaikwayo daban. Aikin fim shi ne ya nuna mutane yadda suke. Misalin da ya fi ratsa ni shi ne Alcarràs na Carla Simón, wanda ya lashe babbar kyautar bikin fina-finai na Balin a 2022, karo na farko ga fim ɗin Kataloniyanci. Labarin iyalin manoma ne da za a karɓe gonarsu ta 'ya'yan itace a kafa faifan lantarkin rana. Ba ta ɗauko taurarin Basalona ba. Mutanen yankin ta tara, waɗanda ba su taɓa yin fim ba, suka yi magana da karin harshensu na ƙauye. Alƙalan Balin ba su ji ko kalma ɗaya ba, amma sun gane cewa mutanen nan a gidansu suke.

Zariya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa aka ɗauko shi ta hanyar wasan kwaikwayon da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka tsara, kuma Umaru Ladan ne ya fito a matsayin Shaihu. An daɗe ana zaton fim ɗin ya ɓata, sai da aka gano shi aka gyara, aka nuna a Balin a 2018. Marigayi Kasimu Yero, ɗan wannan gari, ya riƙe masu kallo a Karambana da Hausa, ya riƙe su a Cock Crow at Dawn da Turanci. A zamanin da gidan talabijin na Kaduna yake tashe, Samanja yana Hausar bariki kowa yana jin daɗinsa, domin muryar ta dace da mutumin. Jami'ar Ahmadu Bello tana Samaru tun 1962, tana yaye ɗaliban wasan kwaikwayo kowace shekara. Amma tazarar da ke tsakanin Samaru da Ƙofar Doka ta fi abin da mai a-daidaita-sahu yake caji.

Ga shi kuwa birnin cike yake da abin ɗauka. Akwai Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda masana gine-gine suke zuwa gani daga ƙasashe. Akwai zaurukan karatu na unguwar Juma da Kona, da masu ɗinkin babbar riga da suke zaune a ƙofar gida da allura tun safe. Akwai gidajen ƙasa da ake rushewa ɗaya bayan ɗaya ana ɗora bulo, da rigimar gado da take biyo baya, da ganuwar da ake yanka ana gina shaguna. A ganina labarin Alcarràs yana faruwa a kowace unguwa ta cikin birni. Idan aka ɗauke shi a wani katafaren falo da bakin da ba namu ba, ya zama labarin wasu.

Ba na jiran gwamnati ta kafa mana tasha. Abin da nake fata bai kai haka tsada ba. Marubucin fim ya rubuta wa ɗan wasa garinsu, ya bar shi ya yi magana da bakin garin ko da shi ne jarumi. Mai ba da umarni ya daina gyara wa ɗan Zariya ko ɗan Katsina ko 'yar Damagaram harshe a gaban kyamara. A riƙa sa fassarar Hausa a ƙasan allo idan Bagbagyi ko Bafillace ya yi harshensa, kamar yadda ake sa ta Turanci. Mu kuma da muke da albashi, mu tuna cewa Kataloniyawa kuɗi suka zuba kafin su girbi kyaututtuka. Wanda yake biyan Netflix kowane wata, amma yake jiran a turo masa fim ɗin Hausa kyauta ta wayar abokinsa, bai kamata ya yi ƙorafin inganci ba.

Kafin mu bar gida bayan Sallah, na zaunar da 'yata na gaya mata cewa rigata daidai ne, rigana ma daidai ne, ɗaya ta takarda ce ɗaya ta gidan kakanta. Ta dube ni da alamar shakka, don ba ta taɓa jin jaruma ta faɗa ba. Sai na ba ta wayata na ce ta je ta ɗauki Hajiya a bidiyo tana ba da labarin yadda aka kawo ta wannan gida tana amarya. Suka shafe kusan awa guda a ɗaki, ina jiyo dariyarsu daga tsakar gida. Hoton yana rawa, rabinsa ma rufin ɗaki aka ɗauka, amma murya ta fita sarai. A hanyarmu ta komawa ta kalle shi sau uku, ta tambaye ni ma'anar kalmomi biyar. Biyu daga ciki ni ma sai da na kira Inna na tambaya.