Ranar da Zoɓo ya Kusa Kunyata Ni

Azumina na farko a gidan miji, a nan Dutse, Inna uwar maigidana ta zo daga Kiyawa za ta sha ruwa da mu. Na ce a raina, yau sai ta san ɗanta bai yi zaɓen tumun dare ba. Na dafa zoɓo, na ɗanɗana na ji tsami, sai na tuna an ce kanwa na kashe shi. Na dumbuza na zuba. 'Yar'uwa, nan take jan nan mai kyau ya koma baƙi ƙirin, ga wani bauri. La'asar ta yi sakaliya, ni kuwa sai hawaye.

Inna ta leƙo madafi. Ba ta yi faɗa ba, ta ce, "Zubar da shi, 'yar nan, ɗauko wani."

A gabanta na wanke zoɓon sau biyu saboda yashi. Ta sa na daka citta da kanumfari, na haɗa da ɓawon abarba, suka tafasa tare. Na sauke, na tace da rariya. Sukari sai da ya huce, ta ce da zafi harshe ba ya gane iyaka. Maganin tsami kuwa ƙarin ruwa ne, in ma za a sa kanwa, to ɗan mitsitsi. Mazarƙwaila ta fi so, don dai babu ne a gidan ran nan.

Daga baya na san abin da muke rainawa ya yi nisa a duniya. Zoɓon da manoman Jigawa ke nomawa har Meksiko ake kai shi. A Masar sunansa karkade, a Sanagal bisaf. Ya isa Jamaika tun zamanin cinikin bayi, kuma can da citta suke dafa shi kamar mu, sai dai lokacin Kirsimeti wasu kan tsiyaya masa giyar da suke kira ram. Daga rake ake yin ta, raken nan dai da muke matsewa mu yi mazarƙwaila. Mu kam namu ba ruwansa da wannan, Allah ya tsare.

Da aka kira magariba Inna ta sha kofi biyu, ta miƙo mini a ƙara mata. Yanzu shi nake ƙullawa ana kai mini bakin sakatariya, da kuɗinsa nake sayen littattafan yara.