Waya ta hana ɗan lakol barci

Wani manomi ne na ƙasar Kurfai, a wani ƙauye kusa da Tukunus. Yana da gonar hatsi da ƴan shanu kaɗan. Ɗansa na biyu yana karatu a kolej a Filinge, yana zaune gidan ƙanen ubansa. Bana zai yi jarrabawar BEPC. Shi ne na farko a gidansu da ya kai wannan aji.

Bara wan yaron, mai cin rani a Abijan, ya aiko masa da babbar waya, irin wadda ake shafawa. Kowa ya yi murna. Da ita ake jin lafiyar na nesa, da ita ake tambayar farashin hatsi.

Wata Lahadi, ranar kasuwar Filinge, manomin ya zo sayar da bunsuru. Ƙanensa ya ja shi gefe, ya ce: "Yaya, yaronka ba ya barci. Har zakara ya yi cara yana kallon waya. In an karɓe ta, sai ya yi fushi." Ya nuna masa takardar lakol. Makin yaron ya faɗi.

Ran manomin ya ɓaci. Ya sayar da dabbobi don karatun nan. Ya yi niyyar fasa wayar da taɓarya. Amma da safe ya fara zuwa wurin malamin yaron.

Malamin ya ce masa wannan matsala ba ta Filinge kaɗai ba ce. Masana halin ɗan Adam sun bincika ta. A shekarar 2013, a Koriya ta Kudu, sun tsara tambayoyi 10 don gane yaron da waya ta fi ƙarfinsa. A shekarar 2019, masana na birnin Landan suka tara bincike 41 da aka yi a ƙasashe dabam-dabam. Suka tarar wajen ɗaya cikin yara da matasa 4 yana da wannan hali. Irin waɗannan yara sun fi sauran fama da rashin barci, da damuwa, da baƙin ciki.

Malamin ya ƙara da cewa: "Malam, ba kullum waya ce mafarin ciwon ba. Wani yaro kewar gida ce ke tura shi ga waya. Ka tambaye shi tukuna." Ya ce likitoci sun ce yaro mai shekara 13 zuwa 18 yana bukatar barcin awa 8 zuwa 10. Wanda bai yi barci ba, karatu ba ya zama a kansa.

Da dare manomin ya zauna da ɗansa. Yaron ya sunkuyar da kai, ya ce: "Baba, ina so in ajiye ta, amma na kasa. In na kwanta, sai in ji kamar tana kira na."

Manomin ya yi shiru. Ya tuna shi ma yakan kai tsakar dare yana sauraren saƙon murya a WhatsApp.

Suka yi alkawari. Bayan sallar lisha yaron zai miƙa wayar ga ƙanen ubansa, ta kwana a wani ɗaki. Bayan an tashi lakol a mayar masa. Shi ma uban zai yi haka a ƙauye. Kowace Juma'a za su yi magana ta waya.

Mako na farko da wuya. Sau biyu yaron ya ɓoye wayar. Amma yanzu yana tashi sallar asuba da kansa. Jarrabawa tana gaba, sakamako kuwa yana hannun Allah.

Manoma da makiyaya, ku lura da abu 3. Shin yaronku yana barci? Yana iya ajiye wayar ba tare da fushi ba? Yana yin aikin lakol da na gida? Ba a barin saniya ta kwana cikin gona. Waya ma kada ta kwana a shimfiɗar yaro.